Kunnen Tukunyar Gwaggo Tabawa

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a hanyar da ke gabanki, ya tsare ki a ƙasar da za ki sauka. Innarki ce za ta miƙa miki ita. Gida ɗaya muke kwana, amma tun abin da ya faru a Toranke kina gaishe ni kanki a sunkuye, ni kuma ina amsawa ina kallon ƙofa. Kin san ban saba doguwar magana da ke ba. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ko Ummi da kowa ke kiran ki ba na iya faɗa. Abin da bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada.

Jiya Innarki ta gaya mini kin ce za ki fasa tafiyar. Wai za ki sanar da malaman ƙasar wajen da suka kira ki aikin bincike cewa su ba wani gurbin, domin aikin da ya fara da ƙona ƙafar tsohuwa babu albarka a cikinsa. Kin san rabin labarin, rabin da ya faru a idonki. Ki zauna ki karanta shi daga farko yadda ya faru a wajena, sannan ki yanke shawara.

Kin tashi kin gan ni ina narka dalma a bayan kasuwar Gaya, wadda ku kuke ce wa alminiyam. Tsofaffin gwangwanaye da ɓaraguzan injin mota nake zubawa a wuta, in juye ruwansu a cikin ƙasar zubi, su fito tukwane da ludaya. Da wannan na kai ki makaranta har jami'a. Saboda haka ranar da kika dawo hutu da 'yar kwalbar nan, kika ce a ciki akwai ƙarfen da yake ruwa ba tare da wuta ba, abin da na fara ji a raina ba mamaki ba ne. Kishi ne. Na ce yau ga yarinya ta zo gidan mai zubi za ta koya masa narkakken ƙarfe.

Kin tuna yadda kika nuna mana a tsakar gida. Kika ce sunansa galiyam. Kika fito da wani siririn zare nasa daga cikin ƙanƙara, yana da tauri kamar waya, kika naɗe shi a jikin biro ya zama zobe a kan zobe, ya tsaya da kansa. Kika ce idan ya ɗauki siffar da ake so, sai a zuba masa roba mai laushi ta rufe shi, idan ya ji ɗumin jiki ya narke a ciki, amma ba ya da wurin gudu. Sannan kika ɗauko wanda kika riga kika gama, kika ɗaura wa Innarki a wuyan hannu, kika haɗa shi da batir da ɗan ƙwan fitila. Kika ja robar ta miƙe, kika murɗa ta, fitilar ba ta mutu ba. Kika ce wata rana irin wannan za a manna wa mai ciwon zuciya a ƙirji, ya yi noma da shi, ya yi salla da shi, likita yana jin bugun zuciyarsa daga nesa. Innarki sai salati take yi.

Ni kuwa na karɓi kwalbar ina jujjuya ta. Kika ce, "Baba, abu ɗaya kawai. Kada ya taɓa dalma. Yana cin ta."

Na yi dariya na ce, "Ƙarfen da ke narkewa a tafin hannu shi ne zai ci tukunyata?"

Kika ce, "Wallahi Baba, yana shiga cikinta ne, ba a gani daga waje."

Na ce to, na ji. Ban ji ba. Na ɗauki maganarki a matsayin irin abin da ake haddacewa don cin jarrabawa. Uwata, inda za ki je za ki tarar da waɗanda suka girme ki da waɗanda kika girma, kuma wata rana ke ce za ki zama babba a ɗakin. Idan ƙaramin cikinku ya ce miki kada ki taɓa wani abu, ki janye hannunki tukuna, sannan ki tambaye shi dalili. Dogon zama a sana'a yana koya wa mutum abin da ya saba gani. Ba ya koya masa abin da bai taɓa gani ba, sai dai ya sa shi jin kamar ya sani.

A makon da kika dawo ne Gwaggo Tabawa ta Toranke ta sa in zuba mata babbar tukunya. Kin san ta, aminiyar kakarki ce, kuma ita ake ɗauka girkin taro a ƙauyukan wajen Ajingi. An ba ta girkin walimar saukar karatu ta wata Islamiyya, tukunyarta ta miya kuma ta tsufa. Na yi zubin, na fasa ƙasar, tukunya ta fito da kyau, sai dai a gindin kunne ɗaya akwai rami, irin wanda iska ke bari idan ta maƙale a cikin zubi. Duk mai zubi ya san hukuncin wannan. Kunne shi ke ɗaukar nauyin tukunya, idan gindinsa ya yi rami fasawa ake yi a sake narkawa. Amma damina ce, gawayina ya sha ruwa, walimar kuma washegari ce, ga Tabawa ta aiko cewa tana tafe da yamma.

Na koma gida lokacin kina wajen ƙawarki. Na buɗe kwalbarki na tsiyaya kaɗan a wani ludayin dalma, na rufe da tsumma na tafi da shi maƙera. Na goge bakin ramin da magagari har ya yi fari, na shafa ruwan ƙarfen. Sai ya bi jikin dalmar ya kama, ramin ya ɓace, wurin ya yi ƙyalli fiye da sauran tukunyar. Har na yi murmushi ni kaɗai. Na ce gobe zan nuna wa yarinyar nan amfanin abinta da ita kanta ba ta sani ba.

Da Tabawa ta zo, ta ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa ta saurara, ta ce, "Malam Idi, lafiyarta ƙalau ko?"

Na ce, "Ko jikokinki za su gaje ta."

Ta sa aka ɗaura mata ita a babur suka tafi.

Ki lura, ko da ruwan ƙarfenki bai ci dalma ba, na riga na yi ɓarna, domin na rufe aibi maimakon in gyara shi. Abin da za ki ƙera a jikin mutane zai zauna, a kan fatar jariri da ƙirjin tsoho, mutanen da ba za su iya ƙwanƙwasa shi su gane ba, sai dai su tambaye ki kamar yadda Tabawa ta tambaye ni. Za a matsa miki. Za a ce ga baƙi suna zuwa gani, ga lokaci ya ƙure, wannan 'yar tsagar ba komai ba ce. A irin wannan ranar ki fasa ki sake. Idan ba za ki iya sakewa ba, ki buɗe baki ki ce bai gamu ba. Jin kunyar faɗin haka ba ya kai mutum asibiti.

Washegari da safe na buɗe maƙera, na ga ludayin da na bari a kan benci. Na ɗauke shi zan goge, sai mariƙin ya rage a hannuna, kan ya faɗi ƙasa. Na tsugunna na ɗauka. Ya yi toka-toka. Na matsa da babban yatsa, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ludayin da ni na zuba da hannuna, wanda sai an sa guduma yake lanƙwasa.

Nan take a raina na ga tukunyar Tabawa a kan murhu, cike da miya tana tafasa, mata biyu sun kama kunnuwanta za su sauke.

Da a ce a lokacin na ruga gida na kira ki, da wataƙila wannan takarda ba ta zama dole ba. Amma sai na tattara ɓaraguzan na tura ƙarƙashin benci. Na zauna ina lallashin kaina. Na ce ai ludayi siriri ne, tukunya kuwa tana da kauri. Na ce abin da na shafa bai kai ƙwayar gero biyu ba. Wani ya zo sayen kasko, na tsaya muka yi ciniki har da raha. Duk wannan lokacin wuta tana ci a Toranke. Ba Tabawa nake tunani ba, fuskarki nake tunani, da yadda zan tsaya a gabanki in ce na taɓa abin da kika hana.

Ko da na iso gida ma ban fito fili ba. Kina wanki a bakin rijiya. Na tsaya na ce, "Uwata, da a ce wani ya shafa abin nan naki a jikin tukunya, kaɗan dai, me zai faru?"

Kika ɗago kika dube ni. Ba ki tambayi wane ne wanin ba. Kika ce, "Wace tukunya, Baba? A ina aka shafa?"

Na ce, "Ta Tabawa. A gindin kunne."

Kika ce, "Innalillahi. Yau ne girkin?"

Kika kira wayarta, a kashe. Kika kira ta ɗanta, ba sabis. Kika jawo hijabi hannunki da kumfar sabulu, kika ce in tayar da babur.

Uwata, idan kika gane kin yi kuskure, daga wannan lokacin duk jinkirin da kika yi ba naki ba ne, na wanda kuskuren zai faɗa wa ne. Kada ki tsaya neman kalmar da za ta rage miki nauyi. Ki je wurin wanda zai iya tsayar da abin ki faɗa masa kai tsaye, ko da shugabanki ne, ko da wanda ba kwa shiri ne.

Hanyar nan ba zan manta da ita ba. An yi ruwa da asuba, laka ta cika ko'ina, babur yana zamewa, gero ya rufe gefe da gefe ba a hango komai. Kina bayana kina ta sake kiran waya. Sau ɗaya ta shiga, ta yi ƙara, ta katse. A wani kwari ruwa ya shanye hanya, muka sauka na tura babur ke kina tafe cikin ruwa har gwiwa, takalminki a hannu. Kika wuce gaba kina laluben hanya. Da kin yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da muka isa gidan walimar, ƙamshin miya ne ya fara tarbar mu. Maza suna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi. A nan na sake yin wani jinkirin. Na tsaya ina sallama, ina amsa gaisuwa, ina neman wanda zai shiga ya yi mini iso, domin namiji ba ya faɗawa cikin gidan mutane. Ke kuwa kika wuce ta gabansu da gudu, kika ratsa soro kina ihu, "Gwaggo, kada ku ɗaga! Kada ku taɓa tukunyar!"

Sai na ji ƙarar abu ya ɓalle, na ji mata sun ɗauki salati, sannan na ji muryar Tabawa. A lokacin ban nemi izinin kowa ba.

Abin da na tarar kin fi ni saninsa. Sun riga sun kama kunnuwan da tsumma, Tabawa da surukarta mai goyo a baya. Ihunki ya sa surukar ta saki ta ja da baya, shi ya tsirar da ita da jaririn. Kunnen da ke hannun Tabawa shi ne wanda na shafa. Ya ɓalle, tukunyar ta karkace, miyar ta kwarara a ƙafarta ta dama daga ƙwauri zuwa yatsu. Tana zaune a ƙasa, guntun kunnen yana hannunta, tana kallon sa.

Mata suka yo kanta, wata da ɗanyen ƙwai, wata da gishiri, wata da man goge baki. Kika tare su kika ce ruwa kawai, ruwa mai sanyi, a yi ta zubawa kada a tsaya. Kika sa aka kawo randa guda. Da mai gidan ya ce a kwashe sauran miyar da ta rage a tukunya a kai wa baƙi, kika ce ba za a ci ba, ba ki san abin da ya narke a ciki ba. Ya ɗaga murya ya ce yara sun sauke Alƙur'ani, mutane sun zo daga Gafasa da Balan, da me zai tarbe su? Kika ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, su ci da mai da yaji. Wannan dai ba za a ci ba." Ba ki matsa daga gaban tukunyar ba. Ni ina tsaye kamar an dasa ni.

A asibiti, da ɗan Tabawa ya tambaya yadda aka yi sabuwar tukunya ta karye, kika riga ni magana. Kika ce, "Wani sinadari ne na kawo gida daga makaranta, shi ya taɓa ta. Laifina ne." Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Wannan shirun shi ne mafi muni a cikin duk abin da na yi, domin sauran na yi su ne cikin jahilci da tsoro, wannan kuwa ina sane. Na bar ki kika ɗauka saboda na ga kin iya ɗauka.

Kin ji abin da ya biyo baya. A kasuwa ana cewa 'yar Malam Idi ta kawo ruwan Turawa mai cin ƙarfe. Wasu suka ce guba ce, wasu suka ce abin da ake koya muku ke nan. Wata mata ta hana 'yarta zuwa wurinki karatun yamma. Duk na ji, ina zuga wuta ina yin kamar ban ji ba.

Ga abin da ba ki sani ba, domin na hana Innarki ta gaya miki sai na rubuta da kaina. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Toranke. Bayan an idar da salla na roƙi liman ya ba ni dama, na miƙe a gaban mutanen gari, har da ɗan Tabawa da mai gidan walima. Na ce tukunyar tana da rami tun daga zubi, na gani da idona. Na ce 'yata ta gargaɗe ni a gaban mahaifiyarta, na saci abinta ba ta nan na rufe ramin da shi. Na ce da ba don ita ba, da yau ana maganar mace mai goyo da jaririnta. Na maimaita haka a kasuwar Gaya a gaban abokan sana'ata. Ba a tafa mini ba. Wasu sun dawo mini da tukwanen da suka saya, wani abokin zamana ya daina zama a bencina. Ban san ko sana'ar za ta koma yadda take ba, kuma wannan ba damuwarki ba ce.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kada ki ƙara ɗaukar laifin da ba naki ba don ki rufa wa babba asiri, ko da ni ne. Na san tarbiyyar da muka ba ki ce ta sa, kuma a gida ana kiran wannan ladabi. Amma a aikinki idan kika karɓi laifin wani, an rufe ainihin inda ɓarnar take, gobe kuma za ta sake fitowa a jikin wani. Naki kuskuren, idan kina nema, shi ne kin bar kwalbar a kan taga a gidan da akwai mai taurin kai. Wannan ki gyara. Duk inda kika ajiye abu mai haɗari, ki ɗauka akwai irina a kusa, ki sa masa makulli. Iyakar rabonki ke nan a cikin wannan al'amari, kada ki ƙara a kai.

Ba zan ɓoye miki halin da ake ciki ba. Ƙafar ba ta warke ba. Tabawa tana da ciwon suga, ciwon yana jan jiki, likita ya ce yatsu biyu ba su nuna alamar da yake so ba tukuna, sai an ga yadda mako mai zuwa zai kasance. Kullum da wannan nake kwana nake tashi. Zamanki a Gaya ba zai ƙara mata fata ko ɗaya ba. Jinyarta a wuyana take, ni nake kai ta wankin ciwo, ni nake dawo da ita.

Yau a hanyar dawowa daga asibiti na gaya mata kina neman fasa tafiya saboda ita. Ta sa na tsayar da babur a gindin wata tsamiya. Ta ce, "Malam Idi, kai dai ban gama da kai ba, sai na ga yadda ƙafar nan ta ƙare. Amma yarinyar nan ita ta zuba mini ruwa lokacin da kowa ke neman fasa mini ƙwai. Ka ce mata tawa ƙafar ce ta ƙone, ba tata ba. Ta taka ta tafi."

Saƙonta ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ni ma umarnina ke nan, idan har ina da sauran bakin ba ki umarni. Ki tafi.

Ranar tafiyarki ta faɗo a ranar wankin ciwo, saboda haka ba zan raka ki Kano ba, kawunki zai kai ki. Kada ki ɗauka fushi ne. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da agogon can ya saɓa da namu. Ki ci abinci, kin cika mantawa idan aiki ya kama ki. Ki riƙa kiran Innarki, ba za ta ce miki tana kewa ba amma tana yi. Idan kin samu sarari a zuciyarki ki yafe mini, idan bai samu yanzu ba zan jira.

Allah ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya tsare hannunki daga cutar da kowa, ya sa abin da za ki ƙera ya zama sauƙi ga marasa lafiya. Allah ya ba Tabawa lafiya, ya bar mata yatsunta. Allah ya dawo mana da ke muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, duk da ban san abin da kika taɓa yi mini ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idi mai zubi, Gaya